Daura ta samu gine-ginen fasaha, saura a koyar da abin da ke can ƙasan na'ura

Cikin 'yan shekaru kaɗan Daura ta samu abin da garuruwa da yawa suka daɗe suna nema ba su samu ba. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin. A watan Disamba na shekarar, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin ginawa, a 2023 kuma aka sa hannu a dokar da ta kafa ta. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura ya wuce Katsina da Jibiya. Gine-gine sun tashi, ɗalibai sun shiga aji. Maganar da ta rage ita ce me za a koya musu, musamman ta fannin kwamfuta, tunda jirgin zamani da asibitin zamani da bankin zamani duk a kanta suke tafiya.

Duk wanda ya leƙa cibiyoyin koyon kwamfuta na garuruwan Arewa ya san inda karatun yake tsayawa. Ana koya wa yaro buga takarda, da shirya lissafi a Excel, da zanen katin biki, in ya yi nisa a koya masa gina shafin intanet. Babu abin rainawa a nan, da shi mutane da dama suke ciyar da iyali. Sai dai duk wannan sana'ar mai amfani da na'ura ce. Mutumin da ya san yadda na'urar kanta take aiki, wanda za a kira ranar da ta fara ba da amsar ƙarya alhali babu wayar da ta tsinke, shi ne Arewa take ƙarancinsa, kuma shi ya kamata jami'ar da aka gina domin sufuri ta sa a gaba. Misali ɗaya ya isa ya nuna irin ilimin da ake nufi: wasu 'yan umarni da ba su fi a ƙirga da yatsu ba, waɗanda aikinsu kawai su ce wa firosesa ta juye abin da ta riƙe, ko ta soke shi.

Asalin lamarin shi ne firosesa, wato ɗan guntun da ke yin dukkan lissafin na'ura, ta fi babbar ma'adanarta sauri nesa ba kusa ba. Babbar ma'adanar ita ce RAM ɗin da mai sayar da waya a Farm Centre ta Kano yake ambata idan yana yabon kayansa. Firosesar da ke bugawa sau biliyan 3 a daƙiƙa guda, idan ta aika neman bayani a RAM, tana iya jiran bugu 200 ko fiye kafin amsa ta iso. A 1965 Maurice Wilkes na Jami'ar Kambirij ta Ingila ya kawo shawarar a sa wata 'yar ma'ajiya mai sauri dab da firosesa, ta riƙa riƙe kwafin abin da ake yawan nema. Kamfanin IBM ya kai ta kasuwa a kwamfutarsa System/360 Model 85 da ya sanar a 1968. Da Intel ta fitar da firosesar 486 a 1989, ma'ajiyar kusa mai kilobait 8 tana cikin guntun kansa. Yau wayar Tecno ko Infinix ko itel mafi araha tana da irinta hawa biyu ko uku, kuma bayani yana shiga yana fita ne a dunƙule, layi-layi, galibi kowane layi bait 64.

Saurin karatu kaɗai bai ishi maƙera firosesa ba. Sai suka ce rubutu ma ya tsaya a ma'ajiyar kusa, kada a kai shi RAM sai ya zama dole. Daga nan kwafi ya zama biyu, kuma ba kullum bakinsu yake zuwa ɗaya ba.

Wanda ya taɓa shiga karar Mai'aduwa ranar Lahadi zai gane matsalar ba tare da dogon bayani ba. Yaron wani attajiri yana cikin shanu da ɗan littafi a aljihu, yana rubuta ciniki nan take, babban kundi kuwa yana can rumfar maigida. Direban babbar mota ba ruwansa da aljihun yaro, kundin rumfa yake bi ya yi lodi. Idan yaro bai juye cinikin safe a kundi ba, direba zai loda saniyar da ta riga ta zama ta wani. Idan kuma maigida ne ya sayar da bijimi ya rubuta a kundi, yaro yana can riƙe da tsohon shafinsa, to zai sake sayar da bijimin ga mutum na biyu, sai dai in an ce masa ya yage shafin ya koma ya duba kundi. Na ukun shi ya fi muni, wato yaro ya yage shafin tun bai juye shi ba. An yi ciniki, an biya kuɗi, amma babu inda aka rubuta.

Juyewa da sokewa, ayyukan ke nan guda biyu, kuma duk wahalar tana wajen sanin wanda za a yi, a kan wane layi, a wane lokaci. Mai ba da wannan umarni shi ne ɓangaren babbar manhaja da ke zaune kai tsaye a kan ƙarfen na'ura, wato zuciyarta. A duk wayoyin Android zuciyar nan Linux ce, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland. Ita ce a cikin mafi yawan na'urorin POS masu allon taɓawa da ke bakin kasuwannin Daura da Zango da Ɓaure, ita ce kuma a cikin BVAS da aka tantance masu zaɓe da ita a 2023.

Kyamarar waya ba ta bin ta firosesa idan za ta ajiye hoto. Kai tsaye take zuba shi a RAM, ta hanyar da ake kira DMA, haka ma guntun da ke magana da turakun sadarwa da wanda ke kula da katin ajiya. A kwamfutocin tebur masu firosesar Intel ko AMD, ƙarfen da kansa yake leƙa ma'ajiyar kusa ya daidaita kwafin biyu, mai rubuta manhaja bai ma san an yi ba. A yawancin guntayen ARM masu araha da ke cikin waya da ƙananan na'urori, an bar wannan aiki a wuyan manhaja domin rage tsada da cin batir. Saboda haka kafin waya ta aika saƙo, sai zuciyar Linux ta sa a juye layukan da saƙon yake ciki zuwa RAM, da umarni irin DC CVAC. Kafin firosesa ta karanta hoton da kyamara ta ajiye, sai an soke tsofaffin layukan da ke wakiltar wurin, da DC IVAC ko DC CIVAC. Mai rubuta direban na'ura, wato 'yar manhajar da ke haɗa zuciyar Linux da kyamara ko wani guntu, ba ya kiran waɗannan da hannunsa. Yana kiran ayyukan da Linux ta tanada, irin su dma_map_single da dma_sync_single_for_cpu, su kuma su zaɓi abin da ya dace da kowace firosesa. Ranar da ya manta kira ɗaya, na'ura ba za ta mutu nan take ba. Za ta yi aiki sau dubu lafiya lau, a na dubu da ɗaya ta fito da hoto mai tsage ko lambar da ba ita ba ce. Akwai ma tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa: idan wurin da aka ware wa kyamara ya haɗa layi ɗaya da wani bayani na daban, soke layin zai tafi da bayanin maƙwabcin da bai ji ba bai gani ba.

A 2016 an ga irin wannan a wayar da ta yaɗu a duniya, har ta cika kasuwannin gwanjo na Najeriya daga baya. Wasu samfuran Galaxy S7 na kamfanin Samsung suna ɗauke da firosesar Exynos 8890, mai ƙwaƙwalwa takwas, huɗu manya domin aiki mai nauyi, huɗu ƙanana domin tattalin batir. Masu haɗa manhajar Mono suka lura cewa shirye-shirye suna faɗuwa haka kawai a kan wannan firosesa, ba tare da wani tsari da za a kama ba. Bayan dogon bincike suka gano cewa manyan ƙwaƙwalen suna ba da rahoton layi mai bait 128, ƙananan kuma 64. Aikin da ke share ma'ajiyar umarni, wato ɓangaren ma'ajiyar kusa da ke riƙe umarnin shiri, yana tambayar tsawon layi sau ɗaya ne ya riƙe amsar. Idan ya yi tambayar yana kan babba, sannan aka mayar da shi kan ƙarama, sai ya riƙa tsallen bait 128, yana share layi ɗaya yana tsallake ɗaya. Firosesa ta ci karo da tsohon umarni a layin da aka tsallake, shiri ya faɗi. Maganin ƙarshe a zuciyar Linux aka sa shi: idan ƙwaƙwalen na'ura suka saɓa a tsawon layi, ita take karɓar tambayar ta ba da amsar da ta fi ƙanƙanta. Mai gyaran waya da ya fi kowa iya canza allo da narka dalma ba zai taɓa gano wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ba a koya masa cewa akwai wannan hawa a cikin wayar ba.

A ɓangaren Intel da AMD, tarihin umarnin yana nuna yadda aka yi ta neman sassauci. Tare da 486 aka zo da guda biyu. WBINVD tana juye duk abin da ke ma'ajiyar kusa zuwa RAM sannan ta soke komai. INVD kuwa sokewa kawai take yi ba juyewa, shi ya sa kusan babu mai taɓa ta sai manhajar da ke tada kwamfuta a daƙiƙun farko, lokacin da RAM ba ta riga ta farka ba, ana aron ma'ajiyar kusa a matsayin wurin aiki na wucin gadi. Dukansu biyu an hana shiri na gama-gari kiransu, sai zuciyar manhaja. Linux tana kiran WBINVD a wurare ƙalilan: idan za a canza ƙa'idar yadda ake ajiye wani yanki na ma'adana, idan za a kashe wata ƙwaƙwalwa, da kuma idan kwamfuta za ta shiga barci. Wanda ya rufe murfin laftof ɗinsa ya buɗe bayan awa biyu ya tarar da aikinsa yadda ya bar shi, wannan umarni yana cikin waɗanda suka yi masa hidima, domin a barci ana ɗauke wa firosesa wuta a bar wa RAM, kuma duk abin da ba a juye ba ya tafi.

Tsadar WBINVD ita ce ba ta zaɓe. A zamanin kilobait 8 wannan ba komai ba ne. A 2022 AMD ta fitar da firosesar EPYC mai ma'ajiyar kusa megabait 768. Juye irin wannan gaba ɗaya yana tsayar da ƙwaƙwalwar da ke aikin har ta gama, ba ta amsa kiran kowa, sauran ƙwaƙwalen kuma su tarar an kwashe musu abin da suke aiki da shi, su koma ɗebowa daga RAM. Shi ya sa aka yi ta ƙirƙiro masu taushi. CLFLUSH, da ta zo da Pentium 4 a 2000, layi ɗaya take juyewa ta soke. CLWB tana juye layi ba tare da ta tilasta a jefar da shi ba. WBNOINVD, da ta bayyana a firosesocin AMD na 2019, tana juye duka ta bar kwafin a wurinsa. A ɓangaren ARM mai bit 64, masu kula da Linux sun cire aikin share ma'ajiya gaba ɗaya tun 2015, bisa hujjar cewa a na'ura mai ƙwaƙwale da yawa babu tabbacin zai yi abin da ake zato. Ɗalibin da ya bi wannan tarihi ya koyi abin da ya fi sunayen umarni. Ya ga yadda injiniya yake auna tabbas da sauri, ya kuma ga cewa kowane zaɓi akwai wanda zai biya kuɗinsa.

Inda abin ya fi shafar talaka shi ne tsaro. A 2014 Yuval Yarom da Katrina Falkner na Jami'ar Adelaide ta Ostareliya suka nuna cewa da CLFLUSH, wadda kowane shiri yake iya kira, ana iya leƙen asirin wani shirin. Mai leƙen zai kori layi daga ma'ajiya, ya ɗan jira, ya sake karanta shi yana auna lokaci. In ya dawo da sauri, to wani ya taɓa shi a tsakani. Da wannan ɗan awo suka zaro mabuɗin sirri. A Janairun 2018 aka bayyana Meltdown da Spectre, raunukan da suka shafi kusan kowace firosesa ta zamani, kuma irin wannan awon lokaci ne hanyar da ake fito da abin da aka sata. A Agustan shekarar aka ƙara da Foreshadow, wanda maganinsa ya haɗa da share hawan farko na ma'ajiyar kusa kafin a miƙa ƙwaƙwalwa ga kwamfutar haya, wato wadda ake ƙirƙira a cikin babbar kwamfuta a ba wa abokin ciniki. A 2020 wani injiniyan Amazon ya kawo gyaran da zai ba shiri damar neman a riƙa share wannan hawa duk lokacin da aka sauke shi daga ƙwaƙwalwa. Torvalds ya ƙi karɓa da kakkausar murya, yana cewa bai kamata shiri ɗaya ya jawo wa kowa jinkiri ba tare da izinin mai kula da na'ura ba. Sai a Linux 5.15, a 2021, gyaran ya shiga, bayan an sa shi ƙarƙashin ikon mai kula. Duk muhawarar a fili aka yi ta, tana nan kuma ga mai son karantawa.

Sai kuma CacheWarp. A Nuwamban 2023 masu bincike na cibiyar CISPA ta Jamus da Jami'ar Fasaha ta Graz ta Ostiriya suka ɗauko INVD, umarnin nan na 1989 da kowa ya ɗauka ya kwanta dama. AMD tana da tsarin da ake kira SEV, wanda alƙawarinsa shi ne ko mai cibiyar da ka yi hayar kwamfuta a wurinsa ba zai iya karanta bayananka ba, domin a kulle suke. Masu binciken suka nuna cewa mai cibiyar ba ya buƙatar karantawa. Ya isa ya soke sabon rubutu tun ba a juye shi ba, sai kwamfutar haya ta koma kan tsohon bayani ba ta sani ba. Da haka suka shiga wata na'ura ta OpenSSH ba tare da kalmar sirri ba, suka kuma ɗaga kansu zuwa matsayin mai cikakken iko. AMD ta fitar da gyara ga ƙarni na uku na EPYC. Najeriya tana ta tattara bayanan 'yan ƙasa, daga lambar NIN zuwa BVN, an buɗe cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a Kano a 2023, an kuma sa hannu a dokar kare bayanai a watan Yunin shekarar. Doka tana iya cewa a tsare bayanai. Wanda zai karanta sanarwar kamfanin firosesa ya gane ko ta shafi na'urorin da ke hannunsa, ya san gyaran da zai sa da jinkirin da zai jawo, sai makaranta ta samar da shi.

A nan ya kamata a raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Idan wutar KEDCO ta ɗauke ana tsakiyar aiki takarda ta lalace, ba ma'ajiyar firosesa ce ta ci amana ba, tunda RAM ɗin ma wuta take ci. Wannan wani hawa ne na sama, inda babbar manhaja take riƙe rubutu a RAM na ɗan lokaci kafin ta kai shi faifai, a Linux har kusan daƙiƙa 30 bisa tsarin asali. Dalilin da ya sa ake cewa a sallami filasha kafin a zare ta ke nan. Dabarar dai iri ɗaya ce a hawa daban, kuma yaron da ya tashi a garin da ake ɗauke wuta ba sanarwa ya riga ya san zafin rubutun da bai kai inda aka nufa ba. Malamin kirki daga nan zai fara, sannan ya gangara da shi ƙasa.

Wani zai ce me ya haɗa wannan da jirgin ƙasa. Na'urorin da ke ba jirgi hanya, da masu hana jirage biyu shiga layi ɗaya, da masu lura da gudu da birki, ƙananan kwamfutoci ne masu karɓar bayani daga na'urorin awo, sau da yawa ta DMA. Gaskiya ne mafi haɗarinsu ba Linux ta gama-gari suke amfani da ita ba, suna da manhajoji na musamman da ake tantancewa bisa ƙa'idoji masu tsauri, irin EN 50128 da Turai ta daɗe tana bi. Amma firosesar ciki tana da ma'ajiyar kusa, kuma tambayar da mai tantancewa yake yi ita ce wadda aka yi ta bayani a sama: shin abin da aka karanta sabo ne, kuma mene ne mafi tsawon lokacin da aiki zai iya ɗauka idan ma'ajiyar ta zo wayam? A fannin jiragen sama, hukumomin tantancewa sun fitar da takardar CAST-32A a 2016 a kan yadda ƙwaƙwalen da ke raba ma'ajiya ɗaya suke jawo wa juna jinkiri. Kamfanin Mota-Engil na Fotugal ne yake gina layin Maraɗi, CCECC ya gina na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021. Kowace kwangila tana da ranar ƙarewa, titin jirgi kuwa shekaru gommai yake yi. Ƙasar da ta iya zuba kankare da shimfiɗa ƙarfe amma ba ta iya karanta manhajar sigina ba, za ta dawwama tana biyan dala duk lokacin da wata fitila ta ƙi canza launi.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa matashin Sandamu ko Mai'aduwa aiki yake nema yau, kuma wata shida na koyon gina shafin intanet ya fi saurin kawo kuɗi a kan shekara biyu na tono cikin firosesa. Suna nuni da shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3, su ce can ne kasuwa take. Suna ƙarawa da cewa malaman da suka san wannan fanni ba su da yawa. Duk haka ne. Amma ba a ce kowane ɗalibi ya zama mai gyaran zuciyar Linux ba. Gajeren horo aikin cibiyoyin gajeren horo ne, kuma suna yi. Jami'a da kwalejin fasaha an gina su ne domin abin da ba ya koyuwa a wata shida. In aji guda ya fitar da mutum goma a shekara da suka san wannan hawa da gaske, cikin shekara goma an samu ɗari, kuma ba jirgi kaɗai zai ci moriyarsu ba. Matsalar juyewa da sokewa tana nan har a ƙananan guntaye irin Cortex-M7 da ake sawa a na'urorin masana'antu da na asibiti. Game da malamai kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano suna koyar da injiniyancin kwamfuta, kuma daga Kano zuwa Daura tafiyar 'yan awanni ce. Aron malami na zango ɗaya ba sabon abu ba ne a jami'o'in ƙasar nan.

Abin da ya fi ƙarfafa gwiwa shi ne arahar kayan karatun. Rubutun Linux, mai layi sama da miliyan 30, kyauta ne ga duk mai son saukewa, kuma lasisinsa ya halatta a karanta, a gyara, a rarraba. Ba a fara ɗalibi da shi ba. Jami'ar MIT ta Amurka ta rubuta wata 'yar ƙaramar babbar manhaja mai suna xv6 domin koyarwa tun 2006, wadda ɗalibi zai iya karance ta a zango ɗaya, ita ma kyauta. Gidauniyar Linux tana da shirin horar da sababbin masu gyara ta intanet, wanda ba ya tambayar garin da mutum ya fito. Abu ɗaya ne ba ya yiwuwa a allo kawai. Manhajar kwaikwayo irin QEMU, wadda ake koyar da xv6 a kanta, ba ta kwaikwayon ma'ajiyar kusa, saboda haka direban da ya manta juyewa zai yi aiki a cikinta sumul, ɗalibi ya ɗauka ya iya. Dole sai an taɓa ƙarfe na gaske. Allon Raspberry Pi, wanda bai kai kuɗin matsakaiciyar waya ba, ya wadatar, kuma ƙaramin faifan sola da batir guda suna iya riƙe da yawa daga cikinsu yini guda.

Fagen ma bai rufe ba. RISC-V, tsarin firosesa da aka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, wanda kowa yake iya ƙerawa ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, bai samu daidaitattun umarnin juyewa da sokewa ba sai a ƙarshen 2021. Kafin nan kamfanonin da suka riga suka fitar da guntaye, irin D1 na Allwinner, kowa ya ƙirƙiri nasa, kuma sai a Linux 6.0 ta 2022 aka shigar da goyon bayan daidaitattun tare da hanyar lallaɓa umarnin kamfanin T-Head da ke cikin D1. Aikin da aka fara a ɓangaren Intel sama da shekaru 30 da suka wuce, a nan yanzu ake yin sa, kuma ana karɓar gyara daga duk wanda ya kawo mai inganci.

Ƙofar shigar da wannan cikin manhajar karatu a buɗe take. Sabon tsarin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disamban 2022 ya tsayar da kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara gwargwadon buƙatarta. Jami'ar Sufuri ta Daura tana iya ware zango biyu daga wannan kaso, na farko a kan ginin firosesa da ma'adana, na biyu a kan rubuta direban na'ura a Linux, ta buɗe ajin ga ɗaliban lantarki da na sigina, ta kuma gayyaci 'yan kwalejin fasaha su raba ɗakin gwaji ɗaya maimakon kowa ya sayi nasa. Jarrabawar ƙarshe ba sai ta zama ta takarda ba. A ba ɗalibi allo da direban da aka cire masa kiran juyewa guda ɗaya ba tare da an gaya masa wanne ba, a bar shi ya tura bayani sau dubbai har kuskuren ya bayyana, ya gano layin, ya gyara, sannan ya tsaya gaban malamai ya bayyana dalilin da ya sa kuskuren ba ya zuwa kullum. Allo 30 da na'urar awon sigina biyu ko uku sun isa aji guda, kuma kuɗinsu bai kai na motar ofis ɗaya ba. Majalisar malaman jami'ar ce take tsara kason nan ta miƙa wa hukumar, TETFund kuma tana da tanadin kayan ɗakin gwaji ga makarantun da suka nema.